Zanen aro da rigar kwance: tunani a kan sutura a lokacin kaka

A cikin littattafan faransanci da muke karantarwa, shekara tana da yanayi 4, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ganyen itatuwa ke yin ja ya kakkaɓe, mutane su fiddo tufafi masu kauri daga ma'ajiya. Idan ɗalibi ya nemi fassarar sunan wannan yanayi, amsar da ta fi kusa ita ce kaka, ko da yake kakarmu ta Adar da Majiya ba ta bin wannan tsari. A nan, sa'ad da aka yanke gero aka ɗaure dammuna, a lokacin ne gawo ke soma sanya sabon ganye, bayan ya share damina ba ko ɗaya a jikinsa. Amma akwai abin da ya haɗa kakar Turai da tamu: duka biyun lokaci ne da mutum ke buɗe akwati ya dubi abin da zai sa.

Dalilan haka a wurinmu sanannu ne. A watan Oktoba yara suna komawa lakwal. Hatsi ya shiga rumbu, ɗan kuɗi ya shigo hannu, bukukuwan aure da aka jinkirta sun taso. Ƴan ci-rani suna ɗaure kaya za su nufi Abijan ko Najeriya ko Libiya. Bayan ƴan makwanni kuma iskar hunturu za ta sauko a kan duwatsun Kaita da Buza, ta ratsa kwarin Tarka har Madawa. A kowane gida maganar tufa tana tashi, kuma a mafi yawan gidaje amsarta ba ta wuce biyu ba: ko tsofaffin da ke cikin akwati, ko gwanjo, wanda muke kira bosho, da ake bajewa a kasuwanninmu tun daga Tamaske har Bangi. Tambayar da nake so mu duba tare, ya ku masu karatu, ita ce: shin mutum yana iya yin ado na mutunci da rigar da ta tsufa, ko wadda wani ya riga ya sa? In kuwa akwai abin kunya a cikin lamarin, a ina yake, kuma a wuyan wa ya rataya?

Tufa, sutura da ado

Harshenmu ya rarrabe abubuwa 3 da sau da yawa muke cakuɗawa. Tufa ita ce abin da ke tsare jiki daga ɗari da rana. Sutura, kalmar da muka aro daga larabci, tana nufin rufewa. Shi ya sa muke faɗin ta ga rigar mai rai, mu kuma faɗe ta ga haƙƙin ƙarshe da ake yi wa mamaci, kuma daga wannan tunani ne muke roƙon rufin asiri. Ado kuwa magana ce da mutum yake yi da idon jama'a ba tare da ya buɗe baki ba.

Akwai masu ganin cewa talaka ya tsaya ga biyun farko, ya bar na uku ga masu hali. Wannan ra'ayi ya jahilci abin da ado yake nufi a al'adarmu. Wanda ya wanke rigarsa ya goge, ya daidaita hula, sannan ya tafi ɗaurin auren ɗiyar maƙwabcinsa, ya girmama mai gidan ne tun kafin ya gaishe shi. Malamin da ya shiga aji tsaf ya nuna wa ɗalibai cewa aikin da ya tara su yana da daraja. Idan ado girmama mutane ne, to babu wanda talauci ya ɗauke wa wannan nauyi, babu kuma wanda ya halatta a hana shi wannan haƙƙi. Abin da ya saura shi ne mu san da me ake yin sa.

Kwance ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa

Kafin dilar bosho ta farko ta sauka a ƙasar nan, kakanninmu sun san tufar da ta bi ta jiki fiye da ɗaya, har sun ba ta suna: kwance. Wa yana tuɓe wa ƙane, uwa tana kwance wa ɗiya, dillaliya tana yawo da zannuwan matan kulle gida-gida tana neman masu saye. Babu mai ganin aibi a cikin haka. Har ma akwai inda sawar wani take ƙara wa riga daraja: idan sarki ya tuɓe babbar rigarsa ya ba bafade ko makaɗi, wanda aka ba yana alfahari da ita ne saboda jikin da ta fito, kuma da za a miƙa masa sabuwa fil a madadinta, da bai karɓa ba. Haka ɗan da ya gaji rigar saƙi ta mahaifinsa yake adana ta sai ranar salla.

A wancan zamani riga dukiya ce, domin kuwa hannuwa da yawa suke tara gumi a kanta: manomin auduga, ko kaɗa kamar yadda muke faɗi a nan, da tsohuwar da ta kaɗa zare, da masaƙi, da marini, da mai ɗinkin aska takwas wanda yakan share watanni a kan wuya guda. Saboda haka ba a yar da ita don ta kwana biyu. In ta koɗe a mai da ta marina, a kai wa mabuga su fito da ƙyallinta. In ta yage a yi mata maho. In ta gaji a rage ta ga yaro, tsummanta kuma ya zama gammo. Ana ruwaito cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, nan maƙwabtanmu, ba ya tara tufafi fiye da riga da wando da rawani, kuma ba a taɓa jin hakan ya rage masa kwarjini ba.

To, in haka ne, me ya sa kalmar bosho ta zama abin gori a farfajiyar makarantunmu? Ina ganin zarge-zarge 3 ake yi masa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Zargi na farko: zanen aro

Masu iya magana suka ce zanen aro ba ya rufe katara. Wasu suna ɗora wannan karin magana a kan duk mai sanye da gwanjo. Amma aro shi ne abin da mai shi zai zo ya karɓa. Manomin da ya sayar da buhun albasa ya saya wa ƴaƴansa rigunan sanyi a gindin mai bosho, ya biya lakadan, ba ya ɗauke da kayan kowa. Wanda ke sanye da zanen aro na haƙiƙa shi ne wanda ya ɗinka shadda mai tsada da bashi, yana tafe yana sauya hanya don kada ya haɗu da mai kanti.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yankin da noma bai cika kai mutane ƙarshen shekara ba. Kowa ya san farashin gero yana faɗuwa warwas da kaka, ya hau sama da bazara da farkon damina. Magidancin da ya fasa rumbu a watan Nuwamba don anko ko kayan lefe na nuna isa, shi ne zai sayi wannan geron da tsada a watan Yuni, wani lokaci da bashi mai ruwa. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a Kaita da Buza da Madawa sun san abin da rumbu marar kome yake jawo wa ƙananan yara. Ba ina cewa tufafi ne suka kawo waccan masifa ba. Fari da fara da tsadar kasuwa ne suka kawo ta. Ina cewa ne gidan da ke zaune a bakin irin wannan rami bai kamata a tura shi da gori ba.

Marubucin Faransa Denis Diderot, a ƙarni na 18, ya rubuta ɗan gajeren bayani a kan tsohuwar rigarsa ta zaman ɗaki. An yi masa kyautar sabuwa, ja mai tsada. Da ya sa ta, sai kujerarsa da teburinsa da hotunan bango suka zama kamar ba su dace da ita ba, ya yi ta sauya su ɗaya bayan ɗaya, daga baya ya koma yana kewar tsohuwar da yakan goge alƙalami da ita ba tare da fargaba ba. Mu ma mun san wannan ciwo: sabuwar shadda tana kiran sabon takalmi, takalmi ya kira agogo, agogo ya kira salula. Daidai ruwa daidai tsaki, in ji Hausawa.

Zargi na biyu: kayan matattu

Akwai masu ƙyamar bosho don suna zaton tufafin matattun Turawa ne. Ba mu kaɗai ke da wannan zato ba: sunan da ake kiran gwanjo da shi a Gana ma'anarsa ke nan, kuma a 2023 shugaban Yuganda, Yoweri Museveni, ya kafa hujja da irin wannan magana sa'ad da ya yi shelar hana shigo da shi. Gaskiyar lamarin ita ce galibin kayan na rayayyu ne da suka gundura da su. Suna zuba su a akwatunan tara tufafi a Turai da Amurka, kamfanoni su saya, su tace su daraja-daraja, su matse su dila-dila, a loda a jirgin ruwa zuwa tashoshi irin su Lome da Kwatano, daga nan manyan motoci su hauro da su.

Ko da a ce wasu na matattu ne, ai mun riga mun ga cewa rigar gado ba ta ba mu ƙyama. Abin da ya bambanta bosho da kwance shi ne kwance yana zuwa da fuska da suna, ka san wanda ya tuɓe maka, akwai zumunta a cikin zarensa. Bosho kuwa maraya ne, ba a san hannun da ya fito ba. Wannan ne, a ganina, tushen ɗan ɗacin da ake ji. Maganinsa kuma a hannunmu yake, domin riga tana zama ta mutum ne ta hanyar wahalar da ya yi mata: ya zaɓe ta da idonsa, ya wanke, ya shanya a rana, ya kai wa tela ya rage hannu ya sake maɓalli. Bayan wannan, gumin da ke cikinta nasa ne.

Zargi na uku: mutuwar sana'a

Wannan shi ne mai nauyi, kuma bai kamata a amsa shi da karin magana kawai ba. Kwarin Majiya ƙasar auduga ce, har aka kafa masana'antar gurzar ta a Madawa. A Yamai an yi masaƙar Sonitextil, wadda daga baya ta koma Enitex. A Kaduna an buɗe babbar masaƙa tun 1957, wasu suka biyo baya a can da Kano, suka ɗauki dubban ma'aikata, kafin akasarinsu su rufe. A ƙauyukanmu, yaro nawa ne a yau ya taɓa ganin masaƙi zaune a bakin aikinsa? Bayan an karya darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, sabon yadi na waje ya fi ƙarfin ma'aikaci balle manomi, jama'a da dama suka koma ga bosho. Al'ummar da ke noma auduga tana sa abin da wasu suka tuɓe, dole ta tsaya ta tambayi kanta.

Wasu ƙasashe sun gwada amsawa. A Burkina Faso, Thomas Sankara, wanda ya yi mulki daga 1983 zuwa 1987, ya matsa wa ma'aikatan gwamnati su riƙa sa saƙin gida da ake kira Faso Dan Fani. A 2016 ƙasashen gabashin Afirka suka ƙudura hana shigo da gwanjo. Amurka ta yi barazanar janye musu rangwamen ciniki na AGOA, sauran suka ja da baya, Ruwanda ta tsaya a kan bakanta bayan ta ɗaga harajin kilo daga santi 20 zuwa dalar Amurka 2 da rabi, aka kuwa dakatar da rangwamen tufafinta a 2018. Wannan ya nuna cewa abin da ake kira taimako ciniki ne mai masu tsaron sa. Ga kuma batun shara: a kasuwar Kantamanto ta Akara, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ke shiga kowane mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 suna ƙarewa a juji.

Sai dai adalci ya sa a faɗi sauran gaskiyar. Ba bosho kaɗai ya kashe masaƙunmu ba. Akwai atamfa mai arha daga Asiya, da fasa-ƙwauri, da tsadar wutar lantarki, da rashin riƙo. Sabuwar riga mai arha ita ma ba wankakkiya ba ce: a ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash a kan masu ɗinka wa manyan kantunan duniya tufafi, mutum fiye da 1.100 suka mutu. Sannan bosho yana ciyar da ɗan kasuwa da ɗan talla da tela mai gyara. Saboda haka wannan zargi yana da gaskiya, amma ba a kan uwar da ta saya wa ɗanta rigar sanyi zai sauka ba. Tambaya ce ga masu tsara tattalin arzikin ƙasa, da kuma mu masu albashi da muke da ɗan zaɓi a hannu.

Sharuɗɗan ado

Idan mun yarda cewa ado ba ya rataye a kan sabunta, to a kan me ya rataya? Ina ganin abubuwa 4 ne.

Na farko tsafta. Kafin a tafi kasuwa a fara buɗe akwati, domin sau da yawa rabin abin da ake nema yana ciki, ya kwana da warin damina. A wanke, a shanya, a goge. Abin da aka sayo a bosho kuwa kada ya taɓa jiki sai ya sha sabulu da rana, kuma kayan ciki gara a saye su sababbi ko da masu arha ne.

Na biyu daidaito. Kwat mai tsada da ta zarce kafaɗa ba ta kai mai arha da tela ya zauna a kanta ba. Ɗan abin da za a ba tela ya fi kuɗin sabuwar riga sauƙi nesa, kuma a garin yake tsayawa.

Na uku dacewa da yanayi da wuri da shekaru. Ɗarinmu na asuba ne da dare. Da hantsi rana ta buɗe. Hikima ita ce a sa tufafi hawa-hawa, yadda za a iya tuɓe na sama a riƙe: taguwa, sannan rigar sanyi marar nauyi, sannan kwat ko mayafi. Kwat mai duhu a kan farin kaftani, da rawani ko hula, shiga ce da dattawan Adar suka daɗe da mayarwa tasu. A duba ɗan ƙyallen da ke wuyan riga: auduga da ulu sun fi zaren roba, wanda ke riƙe zufa, kuma yake narkewa ya manne a fata in wuta ta taɓa shi, abin lura ga yaran da ke kewaye wuta suna jin ɗumi da safe. A kuma karanta abin da aka rubuta a ƙirjin riga kafin a saya. Sau nawa muke ganin yarinya mai kunya ko dattijo mai furfura ɗauke da tallar giya ko kalmar batsa da harshen da ba su ji? Nan ga wani amfanin karatu da ya kamata mu nuna wa ɗalibai: su zama idon iyayensu a kasuwa.

Na huɗu gaskiya, wato kada shigar mutum ta faɗi abin da aljihunsa zai ƙaryata. A nan ne nake ba masu ɗan hali shawara: a cikin shigarka a samu ko da abu ɗaya da hannun ɗan ƙasa ya yi, hula ce ko gwado ko takalmin fata ko ɗinkin wuya. Ba zai ta da masaƙar da ta rufe ba, amma zai sa mai sana'a ɗaya ya ga dalilin koya wa ɗansa.

Nauyin da ke kan malamai da ƙungiyoyi

Gori a kan tufa yana cikin abubuwan da ke sa ɗan talaka ya tsani aji, musamman yaran ƙauye da suka zo kolej a gari suna zaune a gidan wani. Yaron da aka yi wa dariya saboda rigarsa ba zai ɗaga hannu ya je allo ba. Malami yana da iko a nan fiye da yadda yake zato. Idan ya tsawata wa mai gori kamar yadda yake tsawata wa mai satar amsa, idan ya yaba wa tsafta a gaban aji bai yaba wa tsada ba, idan shi kansa bai ɓoye cewa kwat ɗinsa daga dila ta fito ba, ya koyar da darasin da babu shi a manhaja. A darasin hausa kuma, me zai hana a aiki ɗalibai wurin tsofaffi su tattaro sunayen tufafi da na kayan saƙa da rini, irin su saƙi da barage da tsamiya da luru, tun kafin masu sanin su su ƙare?

Ƙungiyoyin raya al'adu su ma suna da abin yi da ya wuce shirya rawa ranar biki. Suna iya zama da iyaye mata da malaman addini da sarakuna a kan yawan anko da nauyin lefe, waɗanda ke jinkirta auren samari, suna tura wasunsu ci-rani ba shiri. Suna iya neman sauran masaƙa da marina da ke raye, su ba su aiki na gaske da kuɗi a hannu, maimakon a gayyato su nuni sau ɗaya a shekara.

Kammalawa

Yankinmu ya san darajar gyara fiye da wurare da dama. Tun daga 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iskar da ke kwashe ƙasa. Daga 1984, a aikin raya karkara na Kaita, mutane, galibinsu mata, suka ɗauki duwatsu a ka suka jera, suka tona ramuka a fako, har ƙasar da aka fid da rai da ita ta sake fid da tsiro. Ba wanda ya ce musu su yar da tsohuwar ƙasa su sayo sabuwa. Mutanen da suka yi wannan ba su da dalilin jin kunyar maho a gwiwar wando.

Don haka amsar tambayarmu ita ce: ana yin ado na mutunci da tsohuwar riga, ana yi da bosho, muddin an tsaftace, an daidaita, an kuma biya da halaliya. Kunyar da ke cikin lamarin ta mai gori ce, da mai cin bashi don a gan shi, da kuma al'ummar da za ta bar sana'ar saƙa ta mutu ba ta ko tambayi dalili ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu kaka mai albarka, ya rufa mana asiri.